Kwanon da Ya Riƙa Dawowa a Cike

Shekara bakwai ke nan da rasuwar maigidana, Malam Hamisu. A irin wannan lokaci ya tafi, masara ta yi goyo ana jiran ta nuna. Ni ba marubuciya ba ce, malamar firamare ce da ta yi ritaya, kuma iya zamanmu da shi ban taɓa buɗe baki na kira sunansa ba, Malam nake ce masa. Yau na rubuta sunan da hannuna don a buga a jarida, saboda tun ranar da aka binne shi ake ambatonsa ƙasa-ƙasa a garinmu, ni kuma na gaji da jin raɗa.

Da don ni kaɗai ce, da na ci gaba da yin shiru kamar yadda na saba. Amma muna da 'ya ɗaya, Asiya, wadda ta isa aure. Kwanakin baya wasu mutanen kirki daga Malumfashi suka zo nema wa ɗansu ita, magana ta yi nisa, sai kuma muka ji su ɗif. Da na bi diddigi sai na tarar tsohuwar maganar da aka yi wa ubanta ce ta taso ta tare mata hanya. Ba za a gane wannan magana ba sai na fara da labarin wani kwano.

Garinmu ƙarami ne, yana tsakanin Funtuwa da Bakori, kuma har yanzu ana ciyayya a unguwarmu. Bayan sallar magariba kowane magidanci yakan fito da tuwon gidansa, a jera kwanoni a ƙarƙashin wata tsohuwar darbejiya da ke daura da ƙofar gidanmu, a cinye na wannan a koma na wancan. Malam yakan ce ba don daɗi aka ƙirƙiro abin ba. An yi shi ne don wanda ba a hura wuta a gidansa ba ya zo ya zauna ya ƙoshi, ya tashi ba wanda ya san halin da yake ciki. Kwanonmu fari ne mai murfi, bakinsa ya ɗan ɓantare a gefe guda, kuma Malam da kansa yake ɗaukarsa ya fita da shi, ba ya aike. Abokansa suna tsokanarsa wai tsoro yake kada a ɗebe masa nama a zaure.

Mutum ne da bai iya cin abinci shi kaɗai ba. Idan na yi dambu da rana, sai ya tsaya a bakin zaure yana leƙen hanya, duk wanda tsautsayi ya biyo da shi sai ya jawo shi sun ci tare, ko ya san shi ko bai san shi ba. Na sha yi masa ƙorafi cewa ni ba gidan sayar da abinci na buɗe ba. Sai ya yi dariya ya ce in ƙara gari.

A cikin masu zama ƙarƙashin darbejiyar nan ba wanda ya kai Alhaji Sabi'u kusa da shi. Tare suka tashi, shi ne babban abokinsa ranar aurenmu, tare suke sayen masara a kasuwannin Bakori da Dandume su yi lodi zuwa kudu. Har na fara furfura Amarya yake ce mini. Yakan leƙo zaure ya ɗaga murya ya ce, “Amarya, miyar kukan jiya ta yi, amma a ƙara daddawa.” Ni kuma in ce masa ya je ya ba matarsa wannan umarni in ya isa. Da a lokacin wani ya ce mini wannan mutumin zai iya cutar da Malam, da na ce ya je a duba masa kai.

Ciwon ya fara ne da kaluluwa a wuya. Kowa ya san kaluluwa, takan fito idan mutum ya ji rauni ko haƙori na damunsa, ta yi zafi kwana biyu ta baje. Wannan ba ta zafi, ba ta kuma baje ba. Can sai wata ta fito a hammata. Sai gumi mai jiƙa shimfiɗa, sai zazzaɓi mai tafiya yana dawowa, sai na ga yana ta ƙara ɗaure mazagin wando. Mun sha maganin maleriya, mun sha na taifot, mun sha jiƙe-jiƙen da 'yan uwa suka aiko. Daga ƙarshe aka tura mu wani babban asibiti a Zariya, suka yanki ɗan nama daga wuyan suka ce a dawo a ji sakamako. Ranar jin sakamakon ana jarrabawa a makarantarmu, don haka Alhaji Sabi'u ne ya ɗauke shi a motarsa, ya kuma shiga da shi wajen likita saboda ya fi shi jin Turanci.

Ni ma daga baya na zauna gaban likitar, wata mace mai haƙuri da tambaya, ta yi mini bayani da Hausa tiryan-tiryan. Ta ce ciwon daji ne na kaluluwa, sunansa limfoma. Ta ce irin nasa yana da alaƙa da wata ƙwayar cuta, wani bairos da yawancin mutane suke ɗauka tun suna yara ta hanyar yawu, a kofin ruwa ko a cokali, ya kwanta a jiki har mutum ya tsufa ya mutu bai san yana da shi ba. Ɗaiɗaikun mutane ne kawai yake taimakawa wajen tayar musu da irin wannan ciwo. Shi dajin kuwa ba a ɗaukarsa. Ta ce kafin a fara magani sun yi masa gwajin ƙanjamau da na ciwon hanta, ba shi da ko ɗaya. Har ta yi murmushi ta ce, “Mama, da za a gwada duk waɗanda yake cin tuwo da su, da wuya a sami wanda ba ya ɗauke da wannan ƙwaya.” Sai ta ja mini kunne a kan abu biyu. Maganin zai karya masa garkuwar jiki, don haka dole ya riƙa cin abinci sosai. Kuma duk ranar da zazzaɓi ya taɓa shi, komai ƙanƙantarsa, a kawo shi a ranar, kada a kwana.

Na tambaye ta ko abin da ta faɗa wa Malam da abokinsa ke nan a ranar farko. Ta ce shi ne, har ma sai da ta maimaita.

Amma duk wannan bayani, kalma ɗaya Alhaji Sabi'u ya ɗauko ya kawo gida. Da aka taru a ƙarƙashin darbejiya aka tambaye shi me likita ta gano, Malam yana ciki yana hutawa, sai ya sassauta murya ya ce, “An ce bairos ne.” Yaran yanzu ba za su gane nauyin wannan kalma ba. Wannan kafin zuwan korona ne. A wancan lokaci, a wajenmu, idan aka ce mutum yana da bairos ma'ana ɗaya ce, ita ce ƙanjamau, cutar da aka yi shekaru ana ta faɗakarwa a kanta a rediyo. Ga mutum ya rame, ga shi mai yawan tafiya kudu. Ba wanda ya sake tambayar wane iri ne.

Ranar farko da kwanon ya dawo, gefe ɗaya kawai aka taɓa. Na ɗauka gishiri ne ya yi yawa, har na ɗanɗana miyar. Washegari na yi ta kuɓewa ɗanya, ya dawo haka. Na yi taushe, na yanka kaza, na yi tuwon shinkafa ba ranar Juma'a ba, duk ya dawo da ɗan ramin hannun mutum ɗaya a gefe. Idan na tambaya sai Malam ya ce yau mutane sun ƙoshi, ko ya ce kwanoni sun yi yawa. Ya ajiye ya wuce ɗaki. Sai da wata maƙwabciya ta shigo gaishe shi, na kawo mata ruwa ta ce tana azumi, ga goro a bakinta, sannan jikina ya ba ni akwai magana. Na matsa mata, ta sunkuyar da kai ta ce, “Ashe abin da ya sami Malam ke nan? Allah ya rufa asiri.”

Ba wanda ya kore shi, kada in yi musu ƙarya. Suna gaishe shi, suna yi masa ya jiki, suna yi masa addu'a da babbar murya. Sai dai tabarma ta ɗan ja baya. Idan aka buɗe kwanonsa sai kowa ya tuna bai daɗe da cin wani abu ba. Idan ya sa hannu a na wani, sai a bar masa shi gaba ɗaya. Kuma wanda ya fara janye hannu shi ne Alhaji Sabi'u. Na daɗe ban gane dalili ba, sai daga baya na ji cewa an fara cewa ai tare suke tafiye-tafiyen, abin da ɗaya ya ɗebo ɗayan ma ba zai rasa ba. Tsoro ya kama shi, ya ga hanya mafi sauƙi ta wanke kansa ita ce a gan shi yana ƙyamar amininsa.

Na aika ya zo, muka tsaya a zaure.

Na ce, “Alhaji, kai ka shiga wajen likita. Me ta ce?”

Ya ce, “Amarya, ni fa abin da na ji na faɗa. Ban taɓa cewa ƙanjamau ba ne.”

Na ce, “To ka fita ka ce musu ba shi ba ne. Bakinka za su yarda da shi.”

Ya gyara hula ya ce, “Ki bar maganar nan ta mutu da kanta. In na tayar da ita yanzu ƙara ruruwa za ta yi.”

Na so in ɗauki takardun asibiti in fita da su da kaina. Malam ya hana ni, kuma ban taɓa ganin ransa ya ɓaci irin na ranar ba. Ya ce shi ba zai kai abokansa ƙara a kan tuwo ba, kuma wanda sai ya ga takarda zai ci abinci da shi, ya bar shi. Ya ci gaba da fita da kwanonsa kowace magariba, ko da gashin kansa ya zube saboda magani, abin da ya ƙara wa masu magana abin faɗa. Yana fita da shi a cike, yana dawowa da shi a cike, har ƙafafunsa suka daina ɗaukarsa zuwa gindin bishiyar.

A nan dole in tsaya in faɗi wani abu, kada fushina ya taka waɗanda ba su yi mini komai ba. A ce ma ƙanjamau ne, sai me? Na koyar da yara kiwon lafiya shekara da shekaru, na san ba a ɗaukarsa a tuwo, ba a ɗaukarsa a tabarma. Akwai masu ɗauke da shi a garuruwanmu suna shan maganinsu suna nomansu, kuma abin da aka yi wa Malam in an yi musu zalunci ne iri ɗaya. Ba ina cewa maigidana ya fi su daraja ba ne. Ina cewa an yanke masa hukuncin da bai kamata a yanke wa kowa ba, a kan ciwon da ma ba shi da shi, kuma mutumin da ya san gaskiya yana zaune a wurin yana kallo.

Daga nan cin abinci ya gagare shi. Ni da Asiya, lokacin tana 'yar sakandare, mukan zauna mu sa hannu tare da shi. Sai ya yi loma biyu don kada ranmu ya ɓaci, ya ce tuwon cikin gida ba ya wuce masa. Likita ta yi faɗa, na yi faɗa, na yi lallashi, na yi kuka. Ba zan ce ciyayya ce ta kashe shi ba, ni Musulma ce, na san ajali. Amma na ga mutum yana shan magani mai ƙarfi da cikin da ba komai, kuma na san abin da ya rufe masa maƙogwaro.

Bayan wani zagaye na maganin, ana tsakiyar ruwan sama, sai na tarar da shi da la'asar sakaliya ya lulluɓa da bargo yana rawar ɗari. Na ce mu tashi yanzu, ka ji abin da likita ta ce. Ya ce zazzaɓin damina ne, kowa yana yi. Na nace. Sai ya juya ya dubi bangon da ke wajen ƙofar gida, inda muke jiyo mutane sun fara shimfiɗa tabarmi, ya ce, “Ba za a fitar da ni ranga-ranga ta gabansu ba. Ki bari gari ya waye.” Duk yadda na yi ya ƙi, ni kuma ba ni da ƙarfin ɗaukarsa. Da gari ya waye jikinsa kamar garwashi, hannuwansa kuma sanyi ƙalau, numfashi sama-sama, yana kirana da sunan yayarsa da ta daɗe da rasuwa. Ƙanena ne ya zo daga Gozaki da motar haya muka tafi.

A asibiti suka ce ƙwayoyin cuta sun shiga jininsa sun bazu, jikin kuma ba shi da sojan da zai tare su. Sefsis suka kira abin. Ƙoda ta fara tsayawa, jini ya yi ƙasa ƙwarai. Likita ba ta zarge ni ba, ta dai ce a irin wannan yanayi jinkiri kaɗan yana da tsada. Suka ce a nemo masu ba da jini da gaggawa. Na tsaya a barandar asibitin ina kiran mutanen darbejiya ɗaya bayan ɗaya, mutanen da na shekara ashirin ina tuƙa musu tuwo. Wannan yana da hawan jini. Wancan yana gona ana zuba taki. Wani ya ce zai kira ni, wani ya yi mini doguwar addu'a ya kashe waya. Alhaji Sabi'u bai ɗauka ba. Waɗanda suka miƙa hannu aka ɗebi jininsu mutum biyu ne, ƙanena da wani Sande, haifaffen Funtuwa ɗan mutanen kudu, mai shagon maganin feshi. Bai taɓa zama ciyayya ba. Yana cikin waɗanda Malam ya sha jawowa zaure cin dambu, ya ji labari a kasuwa ya rufe shago ya hau mota.

Malam ya ɗan farfaɗo da wata safiya, ya gane ni. Na zaci zai yi maganar gona ko ta karatun Asiya. Sai ya ce, “Kada ki daina fitar da kwanon nan. Malam Buba ba shi da mai dafa masa.” Malam Buba wani dattijo ne a unguwar da matarsa ta rasu, 'ya'yansa suka watse. Na ce masa ai ba sa ci, Malam, shi kansa Malam Buban ba ya ci. Ya ce, “Za su ci.” Kafin azahar ta washegari ya cika.

Jana'izarsa ta yi jama'a. Alhaji Sabi'u ne a sahun gaba, shi ya karɓi gaisuwa, an ce har kuka ya yi, kuma ban musa ba. Ranar sadakar uku na cika alkawari, na zuba tuwo a farin kwanon nan aka fita da shi. Ya dawo a siɗe, ko ɗigon miya babu. Hannun da ya tuƙa shi ne dai hannun da ya yi jinya, tukunyar ita ce, kwanon shi ne, ba a ko sake murfi ba. Na zauna a bakin murhu da kwanon a cinyata na yi kukan da ban yi a asibiti ba. A ranar na gane cewa ba tuwon suke tsoro ba. Kada a gan su kusa da shi suke tsoro, da ya kau kuma sai yunwarsu ta dawo.

Nakan tambayi kaina me zai ce da zai leƙo yau. Darbejiyar tana nan, sai dai zaman ya ragu, mutane ba sa daɗewa a waje saboda halin tsaro, waɗanda suka zauna ma rabinsu kansu na kan waya. Zai yi mamakin tsadar taki, zai yi mamakin yadda waken suya ya cinye gonakin auduga. Amma na san abin da zai fi ba shi dariya. Da korona ta zo, wadda ita kam ana ɗaukarta a zaman majalisa da gaske, mutanen nan ba su fasa ciyayya ko na yamma ɗaya ba. Kafaɗa da kafaɗa suke zama, hannu biyar a kwano guda, suna cewa cutar masu hawa jirgi ce. A lokacin kowa ya koyi cewa bairos iri-iri ne, har tsofaffi suna yi wa juna bayani. Na zuba ido in ga ko wani zai tuna da Malam ya ce kai, anya ba mu zalunci bawan Allah nan ba? Ba wanda ya ce.

Da shi ne da ya yafe, wataƙila ma ya yafe tun kafin ya tafi. Ni ba shi ba ce, ban yafe ba, kuma ba zan rubuta cewa na yafe don a ce mini mai haƙuri ba. Kwanon dai ban daina fitarwa ba. Malam Buba ya rasu shekarun baya, na so in tsaya a nan, sai na tuna cewa kullum akwai wanda ba a hura wuta a gidansa ba, kuma ba a so in san ko wane ne. Yanzu ina ajiye shi a bakin zaure, wanda ya fara wucewa a cikinsu ya ɗauka. Alhaji Sabi'u ya daina ce mini Amarya, Hajiya yake cewa, ni kuma in amsa gaisuwa in wuce. Saƙon a ƙara daddawa ma ya daina zuwa, amma ina da labarin ba ya tsallake kwanon.

Haka muke zaune har maganar auren Asiya ta taso. Yaron sunansa Nura, malamin aikin gona ne, mai natsuwa. Kamar yadda aka saba, kawunsa ya zo bincike. Ya iso da yamma, aka yi sallah da shi, aka ja shi gindin darbejiya, ya ci tuwon gidana ya yaba. Sai ya yi tambayar da ta kawo shi, ya ce shin mahaifin yarinyar nan wane ciwo ne ajalinsa, don sun ji ƙishin-ƙishin. Kowa ya juya ya dubi Alhaji Sabi'u, aka ce ga amininsa nan, shi ya shiga da shi wajen likita. Wani maƙwabci da ke zaune a wurin ya ba matarsa labari, ita kuma ta kawo mini, ya ce Alhaji ya daɗe yana murza loma a hannu. Can ya ce, “Allah ne masani.”

Allah ne masani, wannan gaskiya ce, ba mai ja. Amma kai ma ka sani, Alhaji. An zaunar da kai a kujera an yi maka bayani da Turanci an maimaita da Hausa. Wancan karon kana iya cewa tsoro ne, kana iya cewa suɓutar baki ce. Wannan karon Malam ya shekara bakwai a ƙasa, ba wanda ke zarginka da komai, ba abin da za ka rasa in ban da a ce ashe ka yi kuskure. Ka gwammace ka ɓuya a bayan sunan Allah, da tuwon gidan marainiyar a hannunka. Duk Bahaushe ya san abin da kawun nan ya ji da ka faɗi haka, kai ma ka san abin da zai ji shi ya sa ka faɗa.

Nura yana kira, ya ce shi bai fasa ba. Sun je an gwada su su biyu, kamar yadda ake yi yanzu kafin aure, lafiyarsu ƙalau. Amma manyansa sun ce su ba takarda suke dubawa ba, gida suke dubawa, a dakata tukuna. Asiya ba ta yi kuka a gabana ba. Na dai ga ta kwashe 'yan kayan kicin da muka fara tarawa ta mayar ƙarƙashin gado.

To ga amsar tambayar, ga kawun Nura da duk wanda ya taɓa raɗa ta. Dajin kaluluwa ne ya kama Malam Hamisu, magani ya raunana masa jiki, ƙwayoyin cuta suka shiga jininsa, ya yi jinkirin zuwa asibiti saboda ba ya son a fitar da shi ta gaban abokansa. Ban rage komai ba, ban ƙara ba. Wanda ke da mara lafiya irin wannan a gida, in zazzaɓi ya zo ya ɗauke shi ko yana so ko ba ya so, ko duk garin ne a ƙofar gida. Wanda kuma aka ba amanar shiga wajen likita da wani, ya fito da maganar duka ko ya bar ta duka a ciki.

Na duba abin da ya rage na Malam bayan shekarun nan. Gona ƙanena ke nomawa. Rigunansa na rabar. Abokan cinikinsa sun sami wasu. Sunansa ne ya rage, shi ma an bar shi da tabo, sai kuma 'yarsa da tabon ya biyo. Makon jiya na ce mata na gama, daga yau wannan kwano ba zai sake fita ba, su ci na gidajensu. Ba ta yi mini musu ba. Ta bari sai da yamma ta yi, ta hura wuta ta ɗora tukunya, ta ɗauki muciya ta ce, “Umma, Baba ya ce kada a daina.” Na tsaya ina kallonta tana tuƙi, har yadda take karkata kai irin nasa ne. Tun ranar ita ke yin tuwon ciyayya, ta hana ni taɓawa.

Alhaji Sabi'u, na san kafin magariba wani zai nuna maka wannan a waya, ko ya karanta maka a gaban mutane. Kwanon zai fito kamar kullum, fari mai ɓantararren baki, ka san shi. Asiya ce ta tuƙa, ta kuma sa daddawa yadda kake so. Kafin ka yi bismillah, ka faɗa wa mutanen da ke zaune abin da likita ta ce, da ƙarfi yadda za a ji, gobe kuma ka hau mota ka je Malumfashi ka maimaita. In ba za ka iya ba, to ka janye hannunka kamar yadda ka janye wancan karon, kowa ya gani. Ni ina nan zaure, ina jiran in ga yadda kwanon zai dawo.